Rigar da Ba a Buga Ba

Litinin, 6 ga Mayu

Yejide za ta sa saƙata cikin aikinta na jami'a! Saƙata, ni Alimi, da hannuwan nan nawa. Ko bismillah ban rubuta a kan shafin ba. To ga ta: Bismillah.

Da hantsi ta sauka daga motar Ibadan. Ko durƙuso ba ta gama ba ta ce, "Baba Agba, inji ya kasa, kai nake so." Na ce, "Uwata, wane inji kuma?" Baba Agba, wato kaka, take kirana, ni kuma Uwata nake ce wa jikar nan tawa, don wata biyu da rasuwar mahaifiyata aka haife ta, kuma bakinsu iri ɗaya ne.

Ga abin da na fahimta. Eriya take yi, irin ta rediyo, amma ba ta ƙarfe ba, ta zare ce, a jikin riga. Tsoho mai ciwon zuciya zai sa rigar. Wani ɗan akwati kamar na ashana zai saurari zuciyar, eriyar kuma ta aika labari zuwa wayar ɗansa ko ta nas. Injin ɗinkin makarantarsu yana tsinka zaren, yana barin rata. Ran 30 ga watan nan likitoci da malamai za su zauna a kan aikin. In suka ce rigar ba ta cutar da jiki, za a ba ta izinin gwadawa a jikin mutane. In suka ce a'a, sai baɗi, kuma shekara biyun da ta yi tana... Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Sariyu ta ce in daina zagaye tsakar gida kamar wanda aka yi wa haihuwa. Shekara arba'in da takwas da aurenmu, har yau ba ta iya barin mutum ya yi murnarsa ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Zaren. Ƙullu uku ne kacal, daga ƙasar waje, wata huɗu suka yi a hanya. Na ɗauka zai yi walƙiya kamar zaren ƙyalli da muke sa wa zanen biki. Ina! Toka-toka ne, kamar gashin Sariyu. Wai roba ce a ciki, an shafa mata azurfa a waje, shafin da bai kai kaurin fatar albasa ba. Da Yejide ta juya baya na ɗan lasa. Ɗanɗanon cokali gare shi.

Hawa uku za a yi. Na sama ɗan fili ne na azurfa, bai kai tafin hannun yaro ba, shi ke magana. Na tsakiya auduga zalla mai kauri. Na ƙasa, wanda ke kallon jiki, azurfa ce faɗin ƙwarya guda, saƙa matsattsiya ba ƙofa ko ta allura. Wannan ta kira garkuwa.

Na ce garkuwar me, yaƙi ake? Ta ɗauko fitila ta sa faranti a bayanta. "Ka ga haske ya tafi gaba? Cire farantin." Na cire, haske ya dawo mini fuska. Ta ce haka saƙon yake. In ba garkuwa, rabinsa cikin nama zai shiga, ya riƙa ɗumama shi kaɗan-kaɗan, kuma ba zai isa wayar ba.

Yau duk ina tunanin abin. Ashe magana tana da ɗumi? Wayar da nake sawa a aljihun gaba fa?

Alhamis, 9 ga Mayu

Yejide ta hana ni awo da yatsu. Ta ba ni rula ta ƙarfe, ta fara nuna mini yadda ake karantawa. Na ce, "Kauce, yarinya. Hamsin da biyu ne nan." Ta buɗe baki. Ina da shekara hamsin da ɗaya na shiga ajin yamma na manya, ina zama kan bencin yara gwiwata na taɓa haɓata. Allah ya jiƙan malaminmu Tisa Faleye. Shi ya ce mana kowa ya riƙa rubuta abin da ya gani, ko layi ɗaya ne.

Asabar, 11 ga Mayu

Na gama na gwaji. Zaren yana da santsi, ƙoshiyar saƙa na zamewa, sai da na sassauta ƙafa. Ina yankewa daga masaƙa ta fizge ta jefa cikin jaka. Na ce, "Ke! Ba a buga ba!" A duk garinmu Iseyin ba a taɓa jin ƙyallen Alimi ya fita gida bai je wurin mai bugu ba. Ƙyalle ɗanye kamar mutum ne ya fita bai wanke fuska ba.

Ta ce, "Bari, Baba Agba, ai na gwaji ne." Ta ruga tasha.

To, tunda na gwaji ne.

Talata, 14 ga Mayu

Ya yi aiki! Ta kira tana ihu, sai da na nisanta wayar daga kunnena. Wai in zo in gani da idona.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na je Ibadan. Sariyu ta dage sai na sa babbar riga.

Ɗakin gwajinsu da sanyi kamar cikin randa. Malamarta, Dokta Oyewumi, mace ce gajera mai tabarau. Ta rusuna har ƙasa ta ce, "Baba, hannunku ya fi injinmu." Na ce ai injin yaro ne, a ba shi lokaci.

Abin da na fi so in rubuta shi ne jikin ƙarya. Ba sa gwaji a jikin mutum sai an ba su izini, don haka sun dafa wa kansu mutum. Ruwa, gishiri, sukari da wani gari, a zuba cikin mazubi mai siffar ƙirji, ya daskare kamar agidi. Wai a wurin saƙon rediyo, wannan da naman mutum duk ɗaya ne. Na danna da yatsa, ya lotsa ya dawo. Na tambaya ko ana ci. Dokta ta yi dariya har ta cire tabarau. Na ce to ashe mu duka gishiri da sukari ne. Ta ce, "Da ruwa, Baba, ruwan ya fi yawa."

Suka ɗora ƙyallena a ƙirjin agidin, suka cusa masa wani siririn tsinke a ciki, suka ƙara wuta fiye da yadda za a yi amfani da ita a gida. Lamba ta fito a allo, ta yawan saƙon da ke shiga nama. Dokar ita ce kada ta wuce biyu. Tawa ko rabin ɗaya ba ta kai ba. Sannan Yejide ta ɗauki waya ta fita har bakin matakala, saƙon yana bin ta.

Na sa kunne a kan ƙyallen. Shiru. Ko ɗan zuu babu. Yana ta magana da waya a waje, ni da na saƙa shi ba na ji.

A mota ina ta kallon iska ta taga. Wa ya san saƙo nawa ke wucewa ta cikinmu.

Litinin, 20 ga Mayu

Na gama na ainihi, na rigar da za a kai gaban kwamiti. Ƙullu na biyu ya tafi duka. Na saƙa jikin rigar da shuɗi mai duhu, tela ya haɗa, ya sa eriyar a ƙirji ta hagu yadda ta zana. Ban taɓa matse saƙa kamar garkuwar nan ba. Na ɗaga ta ga rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba.

Talata, 21 ga Mayu

Na kai wa Raufu mai bugu. Tare aka yi mana kaciya da shi, tun lokacin bakinsa bai huta ba. Ya juya rigar ya ce, "Wannan ce mai tsegumin? Allah ya sa kar ta gaya wa Sariyu inda kake cin goro." Na ce ya buga ya rufe mini baki, manyan likitoci za su gani.

Ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa a kan gungume, ya sa guduma. Raufu in ya so aiki ba ya ha'inci. Wurin ƙirjin da ya yi tudu ya bi shi har sai da ya kwanta lif. Azurfar nan mai toka-toka sai ga ta tana ɗaukar ido. Shi kansa ya ce bai taɓa ganin irinta ba.

Na naɗe cikin takarda na ba direban motar Ibadan. Ban gaya wa Yejide ba, so nake ta buɗe ta yi mamaki.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ta kira bayan la'asar. Ban gane muryar ba da farko.

Lamba ta wuce biyu. Saƙon ko ƙofar ɗaki ba ya kaiwa. Sun gwada sau huɗu. "Zare ɗaya, awo ɗaya, hannu ɗaya, Baba Agba. Ban san me na yi ba." Tana cewa ko lissafinta ne tun farko ba daidai ba, na gwajin sa'a ce kawai.

Na ce ta yi haƙuri, Allah na nan. Na kasa cin amala.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ta sake kira kafin masallaci. Sun sa zaren ƙarƙashin gilashin da ke ƙara girman abu. Azurfar duk ta tsattsage, kamar ƙasan tafki in ya ƙafe. Garkuwar a ido lafiya take, amma a wurin saƙo rariya ce. Audugar tsakiya kuma ta lafe, ta koma rabin kaurinta. Ta ce masu zaren ne suka sayar mata da ruɓaɓɓe, za ta rubuta musu takarda mai zafi. In kuwa haka ne, ƙullu na uku ma ba shi da amfani, ba ta da abin kaiwa ran Alhamis.

"Kamar mota ta bi ta kai," in ji ta.

Na ce, "Hm."

Shi ke nan abin da na ce. Hm.

Ban ji huɗuba ba. Da na dawo Sariyu tana tsinke ganyen miya, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Motar nan sunanta Raufu, direbanta kuma yana zaune a gabana." Na ce ai gyara na yi. Ta ce, "To kira ta ka gaya mata gyaran."

Asabar, 25 ga Mayu

Na kira da safe.

Ba zan rubuta duka ba. Na ce, "Uwata, zaren lafiyarsa ƙalau. Ni na kai aka buga." Sai ta ce, "Aka buga da me?" Na ce da guduma, a kan gungume, yadda ake yi. "Sau nawa?" Na ce Raufu ba ya ƙirgawa.

Ta ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?" Na ce ana tambaya kafin a wanke fuska? Da na faɗa na ji bai dace ba. Ta ce gobe tana tafe, ta kashe.

Ba ta ce Baba Agba ba ko sau ɗaya.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ta iso da ƙullu na ƙarshe cikin jakar hannu, tana riƙe da ita a ƙirji. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Gara ta zage ni.

Bayan ta ci abinci ta ce in kai ta wurin Raufu. Na ce me za ki yi masa, ni na sa shi. Ta ce gani take so ta yi.

Raufu yana ganinmu ya ɗaga hannu. "Ƴar boko, ni ma'aikaci ne, kakanki ne ɓarawon." Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga gudumar, da ƙyar, ta ce ya buga wani zane ta gani. Ya buga. Ta tsuguna tana shafa wurin, tana tambaya: me ya sa ake yayyafa ruwa, me ya sa yake sheƙi bayan bugu, wane itace ne gungumen. Raufu ya kumbura kamar malami. Ya ce bugu na kwantar da gashin zare, ya toshe ƙofofin saƙa, zane ya daɗe. Ta ce, "Ashe a wurinku bugu toshewa yake, a wurina buɗewa." Ta zauna a kan gungumen ta riƙe kai.

A hanyar gida ta ce, "Na ce maka na gwaji ne. Ban ce maka kar a taɓa bugawa ba. Ko a takardata ban rubuta ba, don ban san ana yi ba. A gidan nan na girma kuma." Na ce laifina ne. Ta ce, "Naka ne mana. Nawa kaɗan ne." Sai ta kama hannun rigata muka tsallaka kwata.

Kwana biyu gare mu. Ranar Laraba dole a gwada kafin zaman.

Litinin, 27 ga Mayu

Ruwa tun safe. Zaren wadari a tsakar gida yake miƙe, da dutsen da ke jansa can bakin rijiya, kuma azurfa ba ta son jiƙa. Muka kwashe a guje. Na kafa masaƙa a zaure, muka ratsa da zaren ta cikin soro har ƙofar ɗakin girki, Sariyu tana tsallakawa da tukunya tana mita.

Zaren ba shi da rara. In na ɓata taku ɗaya babu na gyara. Yejide ta zauna gefena da ɗan akwati mai wayoyi biyu. Duk na saƙa faɗin yatsa sai ta taɓa nan ta taɓa can, akwatin ya yi ƙara, alamar azurfar a haɗe take. Na tambaya in zare ɗaya ya tsinke fa? Ta ce maƙwabtansa za su ɗauke masa, shi ya sa saƙa ta fi ɗinki. Na ji daɗin wannan, ban nuna ba.

Bayana kamar an sa itace.

Talata, 28 ga Mayu

An gama. Abin da ya rage a ƙullun bai kai kamu biyu ba. Tela ya farke tsohuwar eriyar ya ɗinka sabuwa a wurin. Jikin rigar ma na sa an jiƙa an shanya don ya saki, kada ya ja ta. Yanzu ga ta nan, gashi-gashi, da tudu a ƙirji kamar an ɓoye ƙosai a ciki. Na kawar da kai.

Yejide tana shiga mota ta leƙo ta ce, "Baba Agba, ka sha maganinka na hawan jini." Ta dai ce Baba Agba.

Laraba, 29 ga Mayu

Ƙasa da rabin ɗaya. Alhamdulillahi. Saura gobe.

Alhamis, 30 ga Mayu

Sun ba ta!

Tun azahar nake zaune da waya a cinya. Sai bayan la'asar ta kira. Sun lanƙwasa rigar a kan gwangwani sun gwada, sun yayyafa mata ruwan gishiri a madadin gumi sun gwada, lamba ba ta motsa sosai ba. Wani likita ya tambaya me zai faru in mai rigar ya kai ta wanki da guga irin na gargajiya. Sai ta fito da tsohuwar eriyar da Raufu ya buga ta ɗora a tebur, ta ba su labari duka. Har sunana. Wai sun daɗe suna juya ta. Dokta Oyewumi ta ce wannan shi ne babi mafi amfani a cikin aikin, don da rigar ta shiga gari haka, kowane tsoho wurin mai bugu zai fara kai ta.

Izinin tsofaffi goma ne, wata uku. Da sharaɗin a ɗinka gargaɗi a wuyan kowace riga.

Na ce to kin ga, da ban buga ba... Ta ce, "Kar ka soma." Sariyu ma daga ɗaki ta ce kar in soma.

Na raba ƙosai a layinmu.

Lahadi, 2 ga Yuni

Yejide ta zo da rigar da wata takarda mai shafi uku. Cikin goman nan, in na yarda, ni ne na ɗaya. Nas ta zo tare da ita, da tawadar dangwala yatsa. Na ce ta mayar. Na karanta shafi ukun da kaina, sai da ya ci mini kusan awa guda, na tsaya a wurare biyu na yi tambaya, sannan na sa hannu.

Na sa rigar. Tana ƙaiƙayi kaɗan a wuya. Wurin garkuwar sanyi ne da farko, can sai ka manta da shi. Na jira in ji ɗumi. Babu.

Yejide ta miƙo wayarta. Wani layi kore yana tsalle, yana tsalle. Wai ni ne. Shekara saba'in da huɗu zuciyar nan tana aiki a cikina, yau na fara ganinta. Na riƙe numfashi, ta canza taku. Na hau matakala na sauko, ta yi sauri. Sariyu ta shigo da tire, Yejide ta ce, "Laa, Mama, ta ƙaru da kika shigo!" Ƙarya take. Ina jin ƙarya take.

Juma'a, 7 ga Yuni

Da rigar na je masallaci. Ban sa babbar riga a kai ba, zafi ake yi.

A sahu na ji idanu a bayana. Masaƙa ne rabin masallacin nan, kowa ya san ɗanyen ƙyalle daga nesa. Bayan sallama Raufu ya matso ya murza gefen rigar da yatsu biyu. "Alimi, talauci ne ko tsufa? Kawo in ɗan taɓa maka hannayen kawai, kyauta, ba zan je kusa da ƙirjin ba." Na buge masa hannu. Da ƙarfi ma, fiye da yadda na yi niyya. Na ce ba a taɓa ta.

Ba wai ta yi mini kyau ba ne. Ba ta yi ba. Sai dai ɗazu da zan cire na tsaya ina shafa gashin zaren, na ga ashe ana ganin kowane taku na ƙoshiya, inda na matsa da inda na numfasa. Bugu yana shafe wannan. Ban taɓa lura ba. Ko da yake ba wani abu ba ne.

Sabon zare yana hanya. Riguna tara suka rage, ni kaɗai ba zan iya ba, sai na zaɓi mutum uku na koya musu. Raufu ya ce shi fa? Na ce aikinsa ya zauna nesa.

Kafin a watse na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga murya, Sariyu ta ce har gida ta jiyo ni. Na ce gobe bayan la'asar jikata tana zuwa da wayar. Masaƙa, masu rini, masu bugu, mata da yara, har wanda ba ma gaisawa, kowa ya zo gidan Alimi. Za a shimfiɗa tabarmi. Ku zo ku ga zuciyata tana tafiya a iska, ku taɓa rigar in kuna so, amma a hankali, kuma kowa ya bar gudumarsa a gida.